Rayuwata a sana'ar abinci, da maganar yaran da ke kawo muku faranti

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mutumin Kano ne, a Fagge aka haifeni, kuma tunda na taso ban san wata sana'a ba sai ta ciyar da mutane, na yi wanke-wanke, na yi hura wuta da faskare, na yi weta a gidajen abincin masu kuɗi, yanzu kuma Allah Ya rufa min asiri ina da ɗan wurina da yara a ƙarƙashina. Abinda yasa nake son ba da labarina shine yaran nan da suke kawo muku abinci kan tebur, waɗanda ake kira da "kai zo nan", domin na tsaya a inda suke tsaye yanzu, kuma a kan idona ɗan alherin da yake shiga hannunsu ya dinga ƙanƙancewa har ya kusa ɓacewa, abun yana damuna sosai wallahi.

Wajen 1985 mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, sai yayarsa ta ɗaukeni, Gwaggo, wadda take sayar da tuwo a wata rumfa ta bayan Kantin Kwari. Rumfar ba wata aba bace, rufin kwano, an kewaye gefe da buhu, bencina biyu, murhun duwatsu da manyan tukwane, sai buta da bahon wanke hannu a bakin ƙofa. Tuwon dawa da na shinkafa take yi, miyar kuka da busasshiyar kuɓewa kullum, taushe kuwa sai ranar Juma'a. Masu cin abincinmu 'yan dako ne da masu tura kura da direbobi da yaran mota, sai fataken da suke zuwa sarin atamfa da shadda daga Nijar da Cadi da Kamaru, wato dai duk mutanen da gidansu yayi nisa ko basu da mai dafa musu. Don a lokacin magidancin da yake da mata a cikin gari ba zaka taɓa ganinsa a bencin mai tuwo ba, abun kunya ne, kafin la'asar labari ya zaga cewa ko matarsa tayi yaji ko gidan ba lafiya. Manyan 'yan kasuwa daga gida ake kawo musu, da azahar zakaga yara sun shigo kasuwa ɗauke da langa ko samira an ɗaure da ƙyalle, maigida ya buɗe ya kira maƙwabtan shago da yaransa a sa hannu tare. Da daddare kuma a unguwa ciyayya ake, bayan sallar isha kowane magidanci a fito da kwanon gidansa ƙofar gida a shimfiɗa tabarma, a fara da na wannan a koma na wancan, wanda gidansa ba'a ɗora tukunya ba ranar shima ya ƙoshi ba tare da kowa yayi masa gori ba. Mace kuwa ko da wasa bata zama a rumfa, sai dai ta aiko yaro da kwano.

A wurin Gwaggo mai sayarwa ne yake ƙarawa mai saye. Mutum zai miƙo kwano yace a zuba na dala biyu, ta sa mara ta yanko malmala, ta zuba miya, sai yace "Gwaggo a gyara mana", don kowa Gwaggo yake ce mata har wanda ya girmeta, ita kuma kafin ta gyara sai ta ɗago ta kalleshi tukuna. In ɗan dako ne da gumi bai bushe a wuyansa ba, zata ƙara rabin mara ta dannata a gefen kwano, ta nutsa ludayi can ƙasan tukunya inda 'yan tsokoki suke kwanciya ta ɗebo masa, sannan ta ɗiga man shanu da bayan cokali. In kuwa taga mutum mai hali ne son banza kawai yake, sai tace "Malam ai na gyara tun ɗazu", a yi dariya ya wuce. Bashi kuma da gawayi take zanawa a jikin ginshiƙin rumfa, kowa da layinsa, ba ta iya karatun boko ba amma bata taɓa rikita na wani da na wani ba, kuma akwai layukan da na gani da idona ta sa ƙasan zaninta ta goge don mai shi ya kwanta ciwo. Ƙanzo da ragowar kwanuka na almajirai ne, wannan ba'a ma tambaya.

Ni kuma yaron rumfa ina samun nawa, amma ba wani lissafi a ciki. Wani zai gama ci ya wanke hannu ya miƙo min sule yace ungo ka sayi rake, wani bafatake in yayi ciniki mai kyau ya dunƙule ficika ya cusa min a aljihu ba tare da na kusa dashi ya gani ba, da sallah kuma akan bani goron sallah, wani hula, wani yankin yadi, akwai wani direban Zinder da ya taɓa kawo min takalmi. Dokar Gwaggo ɗaya ce kuma har yau ita nake koyawa yarana, tace min "ɗan nan kar ka kuskura ka tsaya a kan mutum kana kallon hannunsa, wannan roƙo ne, ka kwashe kwano ka bar wurin, in Allah Ya nufa naka ne zai kiraka." Duk abinda na samu ita take karɓa ta zuba min a adashi. Bayan Babangida ya kawo SAP, wato shirinsa na gyaran tattalin arziki, a 1986 kaya suka fara tashi, malmala ta fara ƙanƙancewa, amma gyara bata daina ba har ƙarfinta ya ƙare ta bar rumfar.

A farkon shekarun 1990 wani maƙwabcinmu ya samo min aiki a gidan abincin wani Kwara, ɗan Lebanon, a Nasarawa GRA, nan naga wata duniya daban. Farar riga da baƙin wando, tire a hannun hagu, cokali mai yatsu a hagu wuƙa a dama, menu da na haddace kafin na iya karantashi da kyau. Masu zuwa Turawa ne da Indiyawa da Kwarori da manajojin kamfanonin Bompai da Sharada da Challawa, lokacin masana'antu na aiki, sai ma'aikatan banki da na jirgin sama. Anan na fara ganin mutum ya ci ya ƙoshi kafin a kawo masa takardar lissafin abinda ya ci a ɗan faranti, ya biya, a dawo masa da canji, ya tashi ya barshi a wurin. Ranar farko da naga haka na kwashi kuɗin zan bi mutumin waje sai babban weta ya riƙo hannuna yace tip ne, namu ne. A 1994 aka fara saka harajin VAT na kashi 5 a rasit, kwastomomi suka yi ta ƙorafi, amma basu daina barin namu ba.

Bature da lissafi yake bayarwa, zakaga ya kalli rasit ya ɗan yi shiru sannan ya ajiye wajen kashi goma, ko ya ji daɗi ko bai ji ba kusan haka ne, kuma ba lallai ya kalli fuskarka ba. Alhazanmu kuwa da suka fara shigowa, su basa barin kuɗi a faranti, a wurinsu kamar wulaƙanci ne, sai ka rakosu bakin mota mutum ya miƙo maka hannu kamar zaku gaisa ka ji takarda a tafinka, 'yar Murtala ko Wazobiya, yace "yaro ka sha ruwa", wata rana ba komai sai Allah Yayi albarka, wata rana kuma abinda ya fi albashin sati. Kuma zai tambayeka ɗan wace unguwa ne kai, waye babanka, in ya dawo ya nemeka da suna. Ni dai na Alhaji yafi kwanta min a rai duk da na Bature yafi tabbas. Abinda yafi burgeni a gidan shine tsarin babban wetan namu, wani dattijo mutumin Filato, duk abinda aka samu a gwangwanin madara ake tarawa, in an tashi a zazzage a kan tebur a raba har da kuku da mai wanke-wanke da maigadi, yace wanda ya ci abinci mai daɗi a faranti mai tsabta ba weta kaɗai ya yiwa godiya ba. Da kuɗin gwangwanin nan na haɗa lefe, albashi kuwa haya da cefane yake tafiya.

Daga 2000 zuwa sama abubuwa suka juya da sauri. Masana'antu suka dinga rufewa saboda rashin wuta da kayan waje, baƙin da muke samu suka ragu, wayar GSM ta shigo a 2001, sannan ga gidajen abinci irin su Mr Bigg's inda zaka je kanta ka nuna abinda kake so ta cikin gilashi ka biya kafin ka ci ka ɗauki tirenka da kanka, to a irin wannan wuri wa zaka baiwa tip? Samari suka fara kai 'yan mata shan askirim, da sallah a cika wurin da yara, masu shayi suka ƙara Indomie da ƙwai a teburinsu har ya zama abincin daren gwauraye da ɗalibai, robar tekawe da leda suka kori langa da samira. Ba zance duk sauyin sharri bane, ni ina jin daɗi in naga magidanci ya zo da matarsa da 'ya'yansa sun zauna tebur ɗaya, matar da ta shekara tana shan hayaƙi yau ita ake kawowa, wannan a zamanin Gwaggo ko a mafarki. Amma ciyayya ta mutu a yawancin unguwanni, kowa ya sa get ya rufe, maƙwabcinka zai kwana da yunwa baka sani ba.

Harin da Boko Haram suka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 shi ya karya mu. Dokar hana fita, shingayen bincike ko'ina, ba mai fitowa cin abincin dare, baƙi suka tattara suka bar gari, gidan da nake aiki ya rage ma'aikata har dani, ga iyali. A 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja, abun da wasu abokan aikina suka koma kenan, shima ya tafi. Na yi 'yan buga-buga har gari ya fara dawowa, wajen lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014, sababbin wuraren cin abinci suka dinga ɓullowa, shawarma, fiza, gasasshen kifi, shinkafar Larabawa irin su mandi da mutane suka saba ci a Umara. Na samu aiki a ɗaya daga cikinsu, ba zan faɗi suna ba, kuma anan na fara ganin abinda har yau in na tuna raina yake ɓaci. A ƙasan rasit ana buga sabis caj, wato kuɗin hidima, kashi 10, kwastoma ya gani ya ɗauka ya riga ya sallami yaran da suka yi masa hidima, ya tashi da zuciya ɗaya, alhali ko sisi bata zuwa hannunmu. Amma in faranti ya fashe a albashinka za'a cire, in kwastoma ya sulale bai biya ba kai zaka biya, in ka makara minti kaɗan a yanka. Wata rana wata Hajiya, babbar mace da ta zo da jikokinta, ta sa tabarau ta karanta rasit layi-layi sannan ta ɗago tace min "ɗana, wannan sabis caj ɗin naku ne ko?" ga manaja a tsaye bai fi taku uku ba, nace "Hajiya na gida ne", bata ce komai ba ta biya, da na zo kwashe kwanuka na tarar ta ninke dubu ɗaya ta tura ƙarƙashin farantin ƙaramar jikarta inda ba mai gani. Mutum nawa ne suke tambaya irin tata? Yawanci basu san ma akwai abun tambaya ba.

Korona ce ta fitar dani daga aikin wani. A Fabrairun 2020 aka ƙara VAT zuwa kashi 7.5, a Afrilu aka kulle Kano, aka sallamemu ba ko sisin sallama. Ni da uwargida muka fara tuwo da miya a gida, 'yata tana ɗauka a waya tana sawa a status na WhatsApp, wani yaro mai mashin yana kaiwa, a hankali a hankali har muka kama shago. Abun mamaki shine manyan mutanen da na shekara ina kaiwa cokali da wuƙa yanzu tuwon dawa da miyar kuka da man shanu suke nema, a shimfiɗa musu darduma su naɗe hannun riga, har akushi na sayo don akwai masu cewa a ciki suke so. 'Yan zamani kuma sai an jira sun ɗauki hoto kafin ayi bismillah, miya tana hucewa, da farko abun yana bani haushi amma hoton nan shi yake kawo min rabin kwastomomina, don haka na yi shiru.

Sai canjin kuɗi na farkon 2023. Duk wanda yake Najeriya ya san wahalar da aka sha, takardar naira ta ɓace, mutane suna kwana a layin ATM, har mai ƙosai da mai rake sai da suka rubuta lambar akawun a kwali. Ciniki ya dawo daga baya amma akwai abinda bai dawo ba. A da mutum zai ci na 800 ya bada dubu yace riƙe canjin, wannan ɗari biyun ita ce kuɗin motar yaro, ita ce sabulunsa, ita ce abinda yake kaiwa mahaifiyarsa. Yanzu taransifa ce ko POS, ana danna kuɗin cif-cif, babu canjin da za'a riƙe, kuma ba rowa bace, mutum baya ma tunawa ne saboda babu takarda a hannunsa. Ƙari akan haka maimakon a rabu da godiya sai a rabu da tsayuwa, kwastoma yana cewa an cire min yaro yana cewa alat bai shigo ba, ana harare-harare, ga masu alat ɗin bogi da suke sa mu zargi mutumin kirki. Yaron da ya ɓata minti goma yana tsare da Alhaji a bakin ƙofa akan netwok, ta ina Alhaji zai ce masa ka sha ruwa?

Ban ga laifin masu ci ba sosai, don nasan halin da suke ciki. Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 fetur ya tashi daga ƙasa da 200 ya haura 500 a 'yan kwanaki, a 2024 buhun shinkafa ya wuce dubu 80, gas da gawayi da mai da tattasai kowa ya bi. Ina ganin malamin makaranta da ya saba cin nama biyu yanzu yana cewa "a sa ba nama" a hankali don kar na kusa ya ji, ina ganin abokai biyu suna raba faranti ɗaya. Ɗana da yake riƙe min lissafi ya matsa a dinga auna komai da kofi da sikeli a daina ƙari, mun yi ta ja, na yarda a ƙirga nama amma miya da tuwo nace a bar min idona da ludayina. Sai dai duk matsin da kwastoma yake ciki na yaron da yake masa hidima ya fi, gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi dubu 70 a 2024 amma yaran gidajen abincin da na sani ko kusa dashi basa samu, akwai wanda kuɗin wuninsa bai kai farantin da ya ajiye maka ba, tun safe yana tsaye har sha ɗayan dare, sannan ya nemi ɗan sahu da kuɗinsa.

Wani kwastomana da ya zauna a Amurka yana bani labarin can tip kusan dole ne, kashi 15 zuwa 20, saboda dokar tarayyarsu ta yarda a biya weta dala 2.13 a awa in yana samun tip, wai mu ma a koma haka. Nace masa Alhaji ni bana goyon baya, haƙƙin yaro a wuyana yake ni da na ɗaukeshi aiki, ni Allah zai tambaya, bai kamata in ɗora albashinsa akan zuciyar wanda ya zo cin tuwo ba. Ihsani daban albashi daban, kuma in ya zama dole ya tashi daga ihsani. Shi yasa a wurina babu sabis caj a rasit, yarana daga tukunyar da kwastoma ya ci suke ci ba wata ta daban ba, faranti in ya fashe asarata ce, kuma akwai littafi a kan kanta, duk wanda ya ƙara wani abu a taransifa ana rubutawa a gaban yaron, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in cire a POS in raba musu har da matar da take wanke-wanke da mai mashin ɗin da yake kai saƙo, shi da kusan kowa yake mantawa dashi alhali shi yake shan rana da ƙura. Ba yawa bane, wani satin ma abun tausayi ne, kuma nima albashin da nake biya bai kai yadda nake so ba, ina dai ƙarawa duk lokacin da ciniki ya ɗaga.

Roƙona ga masu hali da suke shiga gidajen abinci, dan Allah in kun ga sabis caj a rasit ku tambaya na waye, tambayar kaɗai tana sa masu gida su ji kunya. In kana da 'yar takarda a aljihu ka sa masa a hannu kai tsaye, in babu ka tambayi lambar akawun ɗinsa shi kansa, yaran nan duk suna da ita a waya. In kuma a kan kuɗin abincin zaka ƙara, to ka faɗa da baki a gaban yaron da kashiya cewa ɗari biyar ɗin sama tasa ce, don in baka faɗa ba a wurare da yawa a asusun maigida zata kwana.